Garka a cikin gida a Tawa: yadda ake tsara ta da yadda ake riƙe kayenta

Shekarar da na fara garka a bayan ɗakinmu, tumatirina ya yi ganye kore shar, ya yi fure, sai furen ya dinga zubewa ƙasa. Ko kwano guda ban cika ba. Na tsinki reshe ɗaya na hau moto na tafi wurin wani dattijo da ya daɗe yana noman garka a kwarin Tadis. Bayan mun gaisa na ce, "Baba, dubi abin da ya sami tumatirina." Ya juya reshen a hannu ya ce, "Ɗana, yaushe ka zuba irin?" Na ce ina jin bayan sanyi ya kama ne. "Wane iri ne?" Na riga na jefar da takardarsa. "Kwana nawa ya yi kafin ka dasa?" Na yi shiru. Ya miƙo mini reshen ya ce, "Likita ma sai an gaya masa ranar da ciwo ya fara."

Da muka yi ta lissafi da abubuwan da suka faru a gida, sai ya fito cewa a watan Janairu na zuba irin, furen kuma ya faɗo daidai zafin Maris. Daga ranar na sayi kaye, wato littafin rubutu. Abin da zan bayyana a nan shi ne yadda nake tsara garka kafin in taɓa ƙasa, da yadda nake rubuta abin da ya faru a cikinta. Ina magana da mai ɗan fili a cikin gida, mace ko namiji, ba mai kadada ba.

Mataki na ɗaya: auna ruwanka kafin ka auna filinka

A Adar, yankin da Tawa take, ba girman tsakar gida ke yanke girman garka ba, ruwa ne. Ruwan sama da Tawa ke samu a shekara bai cika wuce milimita 400 ba, kuma mafi yawansa a Yuli da Agusta yake sauka. Watannin rani takwas ko tara, duk ɗigon da shuka za ta sha kai ne za ka kawo shi.

Ga lissafin. Lokacin sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, fili mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya yana shan kamar lita 5 a rana. Da bazara, Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura 40, wannan filin zai nemi lita 8 zuwa 10. Ke nan garka mai murabba'in mita 10 tana son lita 50 kullum da sanyi, wato jarka biyu ta lita 25, ko arozuwar (butar ban ruwa) biyar mai lita 10. A wata guda lita 1,500 ke nan, ganga bakwai da rabi ta lita 200. Da bazara kuwa ganga 12 zuwa 15 ce a wata.

Zauna ka tambayi kanka: wannan ruwan daga ina zai fito? In famfo ne, dubi takardar ruwa ta watanni uku da suka wuce, ka rubuta yawan abin da gida ke sha kafin garka, don ka iya ganin abin da ta ƙara. Ka tuna kuma akwai ranakun da famfo ke ƙafewa, musamman da bazara. Ganga ɗaya cike mai murfi ita ce za ta ceci salati a irin ranakun. In ƴan garuwa ke kawo maka, lissafa da kuɗin kura. In rijiya ce, wa zai ja, da wane lokaci?

Ruwan alwala da na wanke shinkafa ko ganye kada a zubar, a tara a bokiti a ba zogale. Ruwan wanki mai omo da na wanke-wanke mai maiƙo kada ya kusanci abin da ake ci ɗanye.

Shawarata ga mai farawa: murabba'in mita 10, kada ya wuce. Na ga gidaje da yawa da aka fara da zumuɗi, aka yi fangali goma sha biyu a Nuwamba, kafin Maris rabinsu ya zama wurin birgimar kaji.

Mataki na biyu: zaɓen wuri

Ware rana guda kana gida ka lura da inuwa. Da hantsi, da azahar, da la'asar, ka ga inda rana ke bugawa. Kayan garka na son rana aƙalla awa shida. Wurin da ya fi shi ne mai samun ranar safe sosai, sannan katangar yamma ta yi masa inuwa bayan la'asar, don da bazara ranar yamma ita ke ƙona ganye. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, tana busar da ƙasa tana kwantar da ƙananan shuke-shuke, don haka a wannan ɓangaren za ka kafa zana ko darnin kara.

Nisanci gindin bedi, wato dogon yaro. Inuwarsa da daɗi, amma saiwarsa na bin danshi. Bayan wata biyu za ka tona fangali ka iske ta cike da ƙananan jijiyoyi suna shan ruwan da ka saya. Nisanci kuma makewayi da kwatar wanka.

Shinge ba abin da za a bari sai gobe ba ne. Akuya ɗaya in ta samu minti goma ta gama da aikin wata biyu.

Mataki na uku: ƙasa da fangali

Jiƙa ƙasa kaɗan ka dunƙula a hannu. In ta wargaje nan take, jigawa ce: ruwa zai riƙa wucewa da sauri, tana son taki mai yawa da ban ruwa sau biyu a rana. In ta dunƙule tana manne wa yatsu, laka ce: tana riƙe ruwa amma tana yin tauri, sai an gauraya ta da taki da ɗan rairayi. In kuwa ka sa hauya ka ji tana ƙara a kan tsakuwa da marmara, kamar yadda unguwanni da yawa na Tawa suke, kada ka karaya. Ko dai ka haƙa ramin fangalin zurfin santimita 30 zuwa 40 ka kwashe tsakuwar ka ciko da ƙasar kwari, ko ka yi noma a tsofaffin tayoyi da buhuna da manyan robobi da aka huda gindinsu.

Faɗin fangali mita ɗaya, don hannu ya kai tsakiya daga kowane gefe ba tare da an taka ba. Tsawo mita biyu da rabi. Guda huɗu sun ba ka murabba'in mita 10. Bar hanya mai faɗin santimita 40 zuwa 50 tsakaninsu. Da rani fangali ya zama mai ɗan zurfi da baki kewaye, don ruwa ya tsaya inda aka zuba shi. Hikimar da ke cikin tassa da rabin wata, ramukan tara ruwan sama da manoman Illela da Keita ke yi a fako, ita ce dai wannan. Da damina kuwa akasin haka ake yi, a tada shi sama don kada saiwa ta ruɓe.

Taki: kilo 2 zuwa 3 na ruɓaɓɓen taki a kowane murabba'in mita, wato kamar bokiti ɗaya babba a kowane fangali. Na ce ruɓaɓɓe, wanda ya yi baƙi, ya daina wari, ya daina zafi. Ɗanyen kashin awaki ko na kaji yana ƙona saiwa, yana kawo irin ciyawa, yana jawo gara, kuma shi ke sa karoti ya fito da ƙafafu biyu ko uku. In ɗanye kake da shi, zuba a rami tare da toka da busasshen ganye, ka riƙa jiƙawa kana juyawa duk mako biyu; cikin wata biyu zuwa uku zai nuna. Bayan ka gauraya takin da ƙasa, yi ta ban ruwa mako guda kafin shuka. Ciyawar da za ta fito ta fito, ka tuge ta tun ba ta da abokin gaba.

Mataki na huɗu: sayi kaye, zana taswira

Kaye mai shafi 100 na ƴan lakwal ya isa, amma mai bango mai ƙwari. Rubuta da fensir ko bik, ka guji alƙalamin da tawadarsa ke narkewa in ruwa ya taɓa. Ɗaure fensirin da zare a jikin kayen, ka sa su a leda, ka rataya a ƙusa kusa da garka inda yara ba sa kai hannu. Wannan ƙaramar magana ce amma a kanta komai ya rataya: kayen da ke cikin ɗaka ƙarƙashin katifa ba a rubutu a cikinsa. Waya tana da amfani wurin ɗaukar hoto, sai dai waya na ɓata, na faɗawa ruwa, na cika a goge. Wanda bai yi boko ba ya rubuta da ajami, ko ya sa ɗansa ɗan lakwal ya zama magatakarda.

A shafin farko zana tsakar gidan daga sama: katanga, famfo ko ganga, itatuwa, gabas da yamma. Zana fangali huɗu ka ba kowanne lamba. Sannan ka rubuta lambobin a jikin ƴan katakai ko murafun gwangwani ka kafa a bakin kowane fangali. Daga yau babu "na kusa da bayi" ko "wancan na tsakiya". Akwai 1, 2, 3, 4.

Mataki na biyar: me za a shuka, kuma yaushe

Kafin ka je wurin mai sayar da iri, shiga madafa. Tambayi mai girki abin da ake aikawa saye kullum. Da na tambayi uwargida sai ta ce, "Maigida, bar zancen shu (kabeji) mai yawa, mu biyu ne kawai ke cinsa. Ka sa mini yakuwa da na'ana'a da albasa mai lawashi." Gaskiyarta. Garkar gida ta fi riba a abin da ake tsinka kaɗan-kaɗan kullum kuma yake saurin yaushi in an saya.

Shekarar garka a wurinmu kashi uku ce.

Sanyi shi ne babban lokaci. Tumatir, salati, shu, karoti, albasa, tafarnuwa, duk nasu ne. Ana zuba iri daga Oktoba zuwa farkon Nuwamba. Tumatir musamman ba ya son jinkiri: in zafin rana ya haura 35 kuma dare bai yi sanyi ba, fure ba ya kama ɗa, zubewa yake. Salati kuma in zafi ya same shi sai ya yi tsiri ya yi ɗaci.

Bazara lokacin raguwa ne. Ni fangali biyu nake bari, in rufe sauran da kara su huta. A biyun nan sai masu jure zafi: kuɓewa, alayyafo, malohiya, yakuwa, da zogalen da ke bakin katanga.

Damina ta kuɓewa ce da yakuwa da rama da kabewa da wake.

Ga kwanakin da za ka yi lissafi da su:

Tumatir: kwana 25 zuwa 30 a wurin reno, sannan kamar wata biyu zuwa biyu da rabi bayan dashe a fara tsinka. Tazara santimita 50. Fangali ɗaya na ɗaukar gindi 10.

Salati: mako uku a reno, kwana 30 zuwa 40 bayan dashe. Tazara santimita 30, gindi 24 a fangali.

Shu: wata guda a reno, wata biyu da rabi zuwa uku bayan dashe. Tazara santimita 40 zuwa 50.

Karoti: ba a dasa shi, kai tsaye ake shukawa a layi, yana jinkirin tsiro har kwana goma ko fiye, ana cirewa bayan kamar wata uku.

Albasa: kwana 40 zuwa 50 a reno, kamar wata huɗu bayan dashe. Tazara santimita 15, fangali na ɗaukar kusan gindi 100. A nan ba sai mun nemi irin waje ba. Jar albasar Galmi tamu ce, daga kwarin Majiya da Tarka ake lodinta zuwa Gana da Kodebuwa, kuma ta saba da ƙasarmu da sanyinmu.

Kuɓewa: jiƙa irin ya kwana a ruwa, shuka kai tsaye, kwana 45 zuwa 60 a fara tsinka, sannan duk kwana biyu ko uku. Alayyafo: kwana 25 zuwa 30.

Dabara mafi amfani ita ce lissafin baya. Fara da ranar da kake son ci, ka ƙirga baya zuwa ranar zuba iri. Misali azumi, lokacin da kowa ke neman salati da tumatir kuɗinsu kuma ya hau. Salati na bukatar kusan wata biyu daga iri zuwa faranti, tumatir wata uku zuwa uku da rabi. Ka tuna azumi na matsowa baya da kamar kwana 11 kowace shekara. A 2025 farkon Maris ya kama, kuma shekarun da ke tafe yana ƙara shiga cikin sanyi, abin da ya yi wa mai garka daɗi. Shi ya sa a kayena nake rubuta kwanan wata biyu, na boko da na Musulunci: na boko don yanayi, na Musulunci don bukatar gida.

Kada ka zuba irin salati gaba ɗaya. Gindi 24 in suka nuna rana guda, gida ba zai cinye ba. Zuba kaɗan duk bayan mako biyu, ka dasa takwas-takwas.

Mataki na shida: iri da reno

Duba kwanan watan da ke jikin takardar iri. Irin da ya daɗe a teburin mai kanti rana na dukansa ya riga ya raunana. Irin albasa ya fi kowanne saurin mutuwa, in ya shekara kada ka dogara da shi. Gwaji ba wuya: ƙirga ƙwaya 20, shimfiɗa a jiƙaƙƙen tsumma, naɗe, ajiye a inuwa kana yayyafa ruwa. Bayan mako guda zuwa kwana goma ka buɗe. In 16 ko fiye sun tsiro, iri ne mai kyau. In goma ne, ninka yawan da za ka zuba. In bai kai haka ba, nemi wani. Rubuta sakamakon.

Takardar irin kuma kada a jefar. Manna ta a bayan kaye, ka rubuta inda ka saya da ranar da kuɗin. In an rubuta F1 a jiki, ka sani ba a ajiye irinsa don baɗi, ƴaƴan ba sa fitowa kamar uwar.

Wurin reno tsohuwar roba ko rabin jarka ta isa. Ƙasa mai laushi da aka tankaɗe tare da ruɓaɓɓen taki, layuka masu tazarar yatsu huɗu, zurfi bai wuce santimita ɗaya ba. Rufe da ciyawa busasshiya har su tsiro, sannan a ɗauke. Lulluɓe da tsohon gidan sauro da ya riga ya yage, ba wanda yara ke kwana ciki ba. Yana tsare ƙadangaru da tsuntsaye, yana kuma tsare farin ƙuda mai sa wa tumatir cutar nannaɗewar ganye tun yana ƙarami. Dashe da yamma ake yi, bayan la'asar sakaliya, a bi da ruwa nan take.

Mataki na bakwai: yadda ake rubutun

Nan ne mutane ke gajiya, don suna ɗora wa kansu rubutu mai yawa. Minti biyu a rana ya isa. Raba kayen gida huɗu.

Kashi na farko, shafi biyu ga kowane fangali. A sama: lambar fangali, abin da aka shuka, sunan irin, abin da ya riga shi zama a wurin. A ƙasa layi-layi, kwanan wata da abin da ya faru. Ga yadda shafin ke kasancewa:

15 Oktoba: zuba irin tumatir a roba.
21 Oktoba: ya tsiro, kusan duka.
12 Nuwamba: dashe, gindi 10. Taki bokiti ɗaya.
15 Nuwamba: biyu sun mutu, na maye.
10 Disamba: furen farko. Na kafa sanduna.
19 Disamba: farin zane a cikin ganyen ƙasa, na tsinke na ƙone.

Ranaku biyar ne bai kamata su kuɓuce maka ba ko da ka manta sauran: zuba iri, dashe, furen farko, tsinkar farko, tsinkar ƙarshe. Da su kaɗai za ka san kwana nawa kowane iri ke ɗauka a gidanka, ba a takardar kamfanin da ya gwada shi a wata ƙasa ba.

Kashi na biyu, ruwa da yanayi. Layi ɗaya a rana: arozuwar nawa da safe, nawa da yamma. Ni ƴan sanduna nake ja kamar masu ƙirgar buhu. Gefe kuma kalma ɗaya ko biyu: hazo, iska mai ƙarfi, sanyi ƙwarai, famfo bai zo ba. Da damina kafa gwangwani mai miƙaƙƙen jiki a fili, nesa da indararo, bayan kowane ruwa ka tsoma abin awo na ƴan lakwal ka karanta milimita. In ya kai 15 ko 20, ka huta da ban ruwa kwana biyu ko uku. Kafin ka ɗauki arozuwar, tura yatsa cikin ƙasa. In akwai danshi a gaɓa ta biyu, bari sai anjima. Yawan ruwa na kashe shuka kamar rashinsa, musamman a reno, inda ƙananan ke ruɓewa daga wuya su faɗi.

A wannan kashin ne na ga amfanin rufe ƙasa da idona. Na shimfiɗa ɓawon gujiya da karan hatsi a fangali ɗaya na bar ɗaya tsirara, na ci gaba da jan sandunana. Bayan mako biyu shafin da kansa ya nuna wanda ke neman ruwa sau biyu a rana da wanda sau ɗaya ke isarsa. In gara ta yi yawa a gidanka, kada karan ya taɓa gindin shuka, kuma ka barbaɗa toka.

Kashi na uku, kuɗi. Shafin hagu abin da ya fita: iri, taki, zana, arozuwar, ƙarin kuɗin ruwa, ladan yaron da ya yi haƙa. Ko dala biyar ce a rubuta. Shafin dama abin da ya shigo. Garkar gida ba sayarwa ake yi ba galibi, don haka duk abin da aka tsinka a auna shi da ma'auni ɗaya da ba ya canzawa, kwano guda ko tiya ko ƙulli, a rubuta kuɗin da za a saye shi a kasuwa a ranar. Abin da aka kai wa maƙwabta da surukai shi ma a rubuta, a sa masa alama. Ba don a yi gori ba, don a san abin da fangalin ya bayar. Kayan da ke daɗewa, kamar arozuwar da shinge, raba kuɗinsu a kan shekara biyu ko uku, in ba haka ba shekarar farko za ta yi kama da hasara.

Kashi na huɗu, ƙwari da magani, kuma ya cancanci nasa matakin.

Mataki na takwas: ƙwari

Da sanyin safiya ake kama fara. Sau biyu a mako, kafin rana ta yi zafi, tsuguna ka juya ganye ka dubi bayansa, don a can suke ɓuya. Farin zane mai kama da taga a cikin ganyen tumatir, da ƙananan huji a jikin ɗan, aikin tsutsar nan ce da masana ke kira Tuta absoluta, wadda asalinta daga Kudancin Amurka ne, ta kuma yi wa manoman tumatir ɓarna mai yawa a Nijar da Najeriya. Ganyen da ya yi fari-fari kamar an barbaɗa toka, da siririyar saƙa a bayansa, jan gizo-gizo ne, mai son zafi da ƙura. Shu yana da tasa koriyar tsutsa mai huda ganye. Shukar da ke yaushi da rana alhali ƙasa na da danshi, tuge ta ka dubi saiwa. In ta yi ƙulle-ƙulle kamar carbi, ƙananan tsutsotsin ƙasa ne da ido ba ya gani, sun fi son jigawa, sun fi kama tumatir da kuɓewa. Wannan a rubuta shi da manyan baƙi a shafin fangalin.

A garka mai gindi goma, hannu shi ne maganin farko: tsinke ganyen da ya kamu, kashe tsutsar, ƙone. Na biyu ƴaƴan bedi. Daka busassun ƙwayoyin rabin kilo, jiƙa a lita 10 na ruwa ya kwana, tace da tsumma, narka ɗan sabulu a ciki don ya kama ganye, fesa da yamma har bayan ganyen. A maimaita duk mako. Ba ya kashewa nan take, yana hana su ci da hayayyafa ne, don haka tun suna kaɗan ake farawa.

In dole ta sa ka sayi maganin kanti, kada ka karɓi wanda aka ɗura a kwalbar lemo ba suna ba takarda, kada kuma ka fesa wa abin ci maganin auduga. Nemi wanda kwamitin magungunan ƙwari na CILSS, ƙungiyar ƙasashen Sahel mai yaƙi da fari, ya amince da shi, ka tambayi malamin gona ko ofishin manoma na jiha. A jikin takardar akwai adadin kwanakin da za a jira kafin a tsinka. Rubuta ranar fesawa, ƙirga kwanakin, rubuta ranar da aka halatta ci, sannan ka ɗaura jan tsumma a sandan fangalin har ranar ta zo. A gida yara na tsinkar tumatir su jefa a baki ba tare da sun tambayi kowa ba.

Mataki na tara: zaman ƙarshen lokaci

Wajen ƙarshen Maris, in lawashin albasa ya fara kwanciya, ka daina ba ta ruwa kwana goma zuwa mako biyu, ka tuge, ka shanya a inuwa mai iska. Manoma a rudu, rumbun albasa, suke ajiyewa. Kai gindi ɗari ne, ragar buhu a rataye a rumfa ta isa. Wannan ne lokacin da za ka shimfiɗa tabarma ka zauna da kaye da mai girki, ku bi fangali ɗaya bayan ɗaya. Nawa ya sha na ruwa, nawa ya bayar? Wane iri ya yi, wanne ya ba da kunya? Me ya yi yawa har aka rasa yadda za a yi da shi, me ya yanke ana tsakar bukata? Rubuta amsa a layi uku ko huɗu a ƙarshen shafin kowanne. A gidanmu irin wannan zaman ne ya sa muka rage shu zuwa gindi huɗu, muka ba yakuwa rabin fangali.

Sannan ka buɗe sabon shafi ka sake zana taswira don juya shuka. Ƙa'idar ita ce dangi ɗaya kada su bi juna a fangali ɗaya, don cutarsu ɗaya ce kuma tana kwana a ƙasa. Tumatir, tattasai, barkono, yalo da dankalin turawa gida ɗaya ne. Kuɓewa, yakuwa, rama da malohiya gida ɗaya. Kabewa, kankana da gurji gida ɗaya. Albasa da tafarnuwa gida ɗaya. Da fangali huɗu abin ya zo da sauƙi: kowace shekara kowa ya matsa gaba da lamba ɗaya, tumatirin da ke 1 ya koma 2, na 4 ya dawo 1, ta haka sai bayan shekara huɗu tumatir zai sake taka inda ya fara. Fangalin da ka rubuta masa ƙulle-ƙullen saiwa, ba shi albasa ko tafarnuwa, kada ka bi tumatir da kuɓewa a cikinsa ko da damina ce. Wake da damina a fangalin da ya gaji yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, ganyensa kuma ga awaki.

Irin da za ka ajiye na kuɓewa da yakuwa da alayyafo, ɗauka daga gindin da ya fi lafiya, ba ragowar da aka manta ba. Ya bushe ƙwarai a inuwa, a zuba a kwalba mai murfi tare da ɗan toka, a manna takarda mai suna da wata da shekara, a ajiye a ɗakin da ya fi sanyi. Rubuta a bangon kaye na ciki kwalba nawa ce da inda ka sa su.

Saura zogale. A ƙarshen Mayu, kafin ruwan farko, sare shi daidai ƙugu, kamar mita ɗaya daga ƙasa, don ya yi rassa inda hannu ke kai wa maimakon ya miƙe ya wuce katanga. Zuba masa taki rabin bokiti a gindi, rubuta ranar, ka bar layi biyu a ƙasa don ranar da sabon toho ya fito da ranar da aka yi kwaɗon farko.